Gangar Baba Mai Bin Ƙasa

Ku matso, 'ya'yan nan, ku ara mini kunnuwanku.

Jiya jikana ya kunna mini wani kiɗa a wayarsa, nan Yalwawa. Ya ce Turawa ne su uku daga Kanada. Wai da jita mai ƙara suka fara, daga baya suka shigo da piyano, masoyansu suka yi ta fushi, su kuwa ba su fasa ba. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Amma da mai gangarsu ya sauya taki a tsakiyar waƙa, sai ga hawaye a idona. Haka Babana yake yi.

A ƙauyenmu, wajen Kiyawa, Baba ne mai gangar noma, ƙanensa Baffa ke waƙa. Kiɗan gayya a da taki ɗaya ne, tun hantsi har azahar. Sai Baba ya jawo amininsa, wani Bafulatani mai sarewa, ya kuma fara sauya taki ana tsakiyar noman kunya. Dattawa suka ce ya ɓata kiɗan kakanni. Sarkin noma ya aiko cewa in bai koma na da ba, an daina kiransu gayya. Makaɗin da ba a kira gayya kuwa, gangarsa ta mutu.

Inna ta ce, "Maigida, ka bi su mana."

Ya ce, "Ni ƙasa nake bi."

Da damina ta kankama, aka gwada su a wata gona, rabinta yashi, rabinta laka mai tauri. Ni na kai fura, har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. A yashi Baba ya zafafa, fartanyu na tashi tare, na sauka tare. Da aka shiga laka ya sassauta, sarewa ta karɓa, manoma suka sami numfashi ba wanda ya miƙe. Kafin la'asar an gama gonar da ba a taɓa gamawa a wuni ba.

Sarkin noma ya share gumi ya ce, "Kai makaɗi, gobe gonata."

Da Baba ya rasu, aka kawo wa Baffa da mai sarewa wani mai ganga, suka ƙi. Baffa ya koma Miga, ya tsufa a shagonsa. Mai sarewa ya bi shanunsa kudu. Yanzu garmar shanu ke huɗa, ba ganga. Ta Baba tana rataye a ɗakina.

Na ce wa jikana, "Maimaita mini wurin nan. Wannan Baturen ma ya san ƙasa."