Littafin Bajamushe da Na Ɗora a Wuta

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ranar da na kusa ƙone amanar mutane tana nan daram a raina.

Lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda, ina ɗinki a gida, maigidana yana dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Shi ba mai surutu ba ne, ni kuwa Allah Ya hore mini baki. Wata rana ya shigo da littafi naɗe a ƙyalle, ya ce wani dattijo Bajamushe mai gyaran injin jirgi ne ya ba shi ajiya. Ciwo ya kayar da dattijon, za a kai shi asibiti, yana tsoron kayansa su watse. Wai gadon kakanninsa ne, tun farkon buga littattafai a ƙasarsu.

Karambani ya sa na buɗe wa maƙwabta. Takardun sun yi ja, baƙaƙen a murɗe, ga gidaje-gidaje cike da lambobi. Wata Hajiya da ta girme mu ta dafe ƙirji ta ce hatimi ne, sihirin Turawa. Ta ce in zancen ya kai kunnen hukuma, shi ke nan, iƙamarmu ta izinin zama ta tafi, sai jirgin mayar da mu gida. Na roƙi maigida ya jefa shi a teku. Ya ce amana ce, ya ɗauki butarsa ya fita.

Kwana uku abinci bai shige ni ba. Ran na huɗu da hantsi, yana wurin aiki, na hura gawayi. Na kama littafin ta bango ɗaya na miƙa kan wuta, gefensa ya fara hayaƙi, sai shafukan suka baje. Me zan gani? Hoton wani mutum ya zura sanda cikin ganga yana duba awo. Wallahi sak mai ruwan unguwarmu, wanda kullum muke faɗa a kan cikar ganga. Na fizge shi na kashe wutar da bakin zanena.

Na ɗauko tef ɗin ɗinkina ina gwada lambobin. Biyu, huɗu, shida, takwas. Ashe lissafi ne kawai, irin na awo da rabo. Na je na kwantar wa Hajiya hankali, amma zancen ƙunar na haɗiye shi. Na naɗe littafin na mayar cikin akwati, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Bayan shekara biyu dattijon ya dawo, duk ya rame. Maigida ya kawo shi har gida, ni ina bayan labule. Ya warware ƙyallen, ya shafa gefen da ya ƙone, ya ɗago kai.

“Laifina ne,” in ji maigida cikin Larabci, “ban kula da shi yadda ya kamata ba.”

Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya ce littafin ya tsallake yaƙe-yaƙe, wannan kuma shaidar Jidda ce.

Da ya tafi na ce wa maigida, “Malam, ashe ka sani?”

“Tun ranar. Na ga ƙunar a zanenki. Da hannunki kika ciro shi, me zan ƙara?”

Yau shekarun maigida da rasuwa sun yi nisa, kuma har gobe ina kewarsa. A wurinsa na koyi cewa ba a yanke wa abu hukunci kafin a duba shi, kuma wanda ya riga ya gyara kuskurensa, rufa masa asiri ake yi. Zanen nan mai ƙuna yana cikin akwatina har yanzu.