Sanatanmu na Ƙofar Sauri ba zai dawo gida ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago waya ta shigo daga Abuja: Malam Sabi'u ya rasu. Ciwon ƙirji ne, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Tare muka taso a Ƙofar Sauri. Kafinta ne a hukumar da ke kula da ginin Majalisar Tarayya, shi ke gyaran kujeru da ƙofofi. Shi ya sa muke tsokanarsa da Sanata. Sai ya yi dariya ya ce, "Ni hwa na riga su shiga zauren, kuma ba wanda ya kai ni kotu."

Mutumin nan ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce. Ya zo gaisuwa gidanka, kafin a kawo ruwa ya tsuguna yana duba ƙyaurenka. Har faɗa na sha yi masa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Babbar Sallah ce. Ya zauna a bencin shagona ya ce, "Lawal, na kusa ritaya. Inna ta tsufa, so nake in dawo kusa da ita."

Yau ni aka ɗora wa zuwa wurin Inna, mahaifiyarsa. Abokan aikinsa sun ce a shirye suke su kawo shi Katsina, motar ofis ma ta samu, maganarta kawai suke jira. Na san ba abin da take so kamar ta gan shi, ko sau ɗaya.

Na je na isar mata da saƙonsu. Sai ta tambaye ni yadda hanya take kwanan nan. Na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "To mi za a wahalar da shi? Su ma masu rakiyar suna da uwaye. Ka ce su yi mashi sutura can. Na yafe mashi, na yafe ganin."

Wallahi a zaure na tsaya na yi kuka kafin na iya kiransu.

Bayan azahar za a yi masa salla a Abuja. Allah Ya jiƙanka Sabi'u, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Inna. Allah Ya ba ta juriya.