Makarantar Toka

Duk ranar da aka kwashe toka daga murhu aka tankaɗe ta, ƙurar nan mai ɗaci-ɗaci ta shiga hancina, sai wani abu ya taso mini a rai. Kishi ne, tsohon kishi wanda ya girmi 'ya'yana duka, kuma na wuce shekarun da zan ji kunyar faɗa maka. Da ɗiyar ƙanen babana nake yinsa, a kan innar da ta haife ni.

A shekarar da nake ba ka labari, damina ta yi mana rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa, ya yi ja, ya kwanta. Soja ke mulki a nan Nijar, soja ke mulki a ƙetare, aka kuma rufe iyaka, sai babanmu da ya tafi cin rani Kano ya maƙale a can, ba mu samun komai daga gare shi sai saƙon baki. Babbar motar soja kan shigo garinmu Matameye da buhunan jar dawa, mata su yi layi da ƙorai tun sanyin safiya, wani soja mai dogon wuya yana zagayawa da bulala yana daidaita su. Tuwon dawar nan ba ya kama ciki, amma mun ci mun gode Allah. Makiyaya kuwa sun gangaro daga arewa da 'yan shanun da suka rage musu, suka yada zango a bayan gari.

Shanun nan ne suka cinye mana aji. Kada ka yi dariya, ko da yake mu ma mun yi a lokacin. Manyan azuzuwa ne kawai ke da ginin ƙasa a lekol ɗinmu, wato makarantar boko, mu 'yan aji huɗu zuwa ƙasa a rumfar zana muke. Wata safiya muka iso muka tarar da dirkoki tsirara da baƙin allo a tsakiyar fili, malaminmu yana tsaye ya riƙe ƙugu. Ba kara a gonaki balle a saƙa sabuwar zana. Aka ce ƙananan azuzuwa su zauna gida sai yadda hali ya yi.

Inna ta ce ba a gidanta ba. Ita 'yar lekol ce, abin da ba a cika samu ba a matan tsararta. Tana ƙarama a Damagaram aka kama ta aka sa ta, a zamanin da iyaye ke ɓoye yara a rumbu in masu rubuta suna sun zo, ta kuma kai aji shida kafin a yi mata aure. Matan unguwa na tsokanarta da Madam, ita ko a jikinta. Ta ce yaron da ya zauna ba aikin fari ba na baƙi, cikinsa kawai zai riƙa saurare. Don haka kullum da hantsi, in ta gama shara, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida, ta tara ƙannena biyu da yaran maƙwabta. Alli ya yi wuya, sai ta tankaɗe toka a tsohon faranti ta baje, a yi rubutu da yatsa, a girgiza, a sake.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ni ce ɗiyar fari. Kai da ka tashi yanzu wataƙila ba ka ga irin kunyar da matan wancan zamanin ke yi wa ɗan fari ba. Inna ba ta faɗin sunana. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta yabona, ba ta kallona ido cikin ido in da mutane. Tun da aka yaye ni a ɗakin kakata nake kwana, uwar babana, ita ce mai yi mini kitso, ita ce mai share mini hawaye. In Inna na son aikena sai ta dubi bango ta ce a ce wa waccan ta kawo ruwa. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don haka na ga ana yi a kowane gida, har sai da 'yar Tsauni ta zo.

Ɗiyar ƙanen babana ce, daga ƙauyen Tsauni. Rijiyarsu ta ƙafe, babanta ya bi sahun masu tafiya kudu, aka rarraba yaran a dangi, mu aka kawo mana ita a bayan jaki da ƙullin tsummokaranta. 'Yar firit, ga manyan idanu, ga majina, shekarunta ba su fi na shiga ajin farko ba. Ranar da ta fara zama a makarantar toka, ina daga gefe a kan turmi ina tsince tsakuwa daga dawa, don can ne wurina. Sai na ga Inna ta jawo ta, ta zaunar da ita a cinya, ta kama hannunta na dama cikin nata, ta miƙar da ɗan yatsan, suka zana harafi tare a cikin tokar. Da suka gama Inna ta ce madalla, ta shafa mata kai.

Na daɗe ina kallon hannun nan. Ni da malamin lekol ya koya wa riƙe alli da bakin rula, ban san akwai wata hanyar ba. Daga ranar ba abin da nake so a duniya, har da ƙoshi, kamar Inna ta kama hannuna sau ɗaya ta ce madalla.

Makarantar ba ta da littafi, amma ba abin da ba a koya ba. Karatu daga jikin buhun taimako ake yinsa, a bi manyan haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga kuwa da ƙwallon magarya ne, goma-goma a murfin kwano. Ranar labarin ƙasa Inna ta zana Nijar a tsakar gida da bakin tabarya, ta ajiye dutse ta ce ga Yamai, ta kwantar da igiyar guga ta ce ga kogi, ta ajiye ɓawon gyaɗa ta ce ga Matameye, ta ja layi kusa da shi ta ce daga nan babanku ya ƙetare. Ƙanena ya tsallaka layin ya ce ya je ya dawo da shi, aka yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba. In aka zo tarihi sai kakata ta karɓe, ta ba da labarin yunwar da ta gani tana budurwa, ta ƙare da cewa tamu wasa ce. A duk wannan, 'yar Tsauni ce a cinya. Ita ake ba tabarya ta nuna kogi, ita ake tambaya, ita ake gyara wa ɗankwali. Na ce a raina, inda baki ya karkata nan yawu kan zuba.

Na ƙudurta sai na ƙwace wurin da ƙoƙari. Dama ta zo ranar da Inna ta ba kowane yaro ƙwayar wake ɗaya da gwangwanin kifi, ta ce a shuka a ga yadda tsiro ke fita, a riƙa shayar da shi da ruwan alwalar kakata, tun da ba a zubar da ruwa a banza a shekarar. Ni ce mai kwana ɗakin kaka, don haka ni ke fara tarar ruwan. Na ɓoye gwangwanina a inuwar randa, ina duba shi kamar mai jinya. Nawa ya riga na kowa fitowa, miƙaƙƙe, da ganye biyu kore shar, abin da ido ya manta da shi a garin. Na ɗauko shi da hannu biyu na ajiye a gaban Inna, a gaban kowa, na tsaya.

Ta dubi gefe ta ce, "A kawar da abin nan daga hanya kada akuya ta ci."

Bayan kwanaki na 'yar Tsauni ya leƙo, a karkace, rawaya-rawaya. Inna ta ɗaga shi sama ta nuna wa yara saiwa da kara da ganye, ta ce yarinyar nan tana da hannun noma. Na shige ɗakin kaka na kifa kai a gadonta ina kuka. Tsohuwar ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce da tsokanarta ta kullum, wai ni da na mallake mata ɗaki da ɗan ragowar furarta, me kuma nake nema a wurin matar mutane. Na ce so nake a mayar da 'yar Tsauni garinsu. Ta ce garin nasu ba ruwa. Na ce ina ruwana. Ta ɗaka mini duka a cinya mara zafi, ta ce in na girma zan gane. Duk yaro ya tsani wannan maganar, ni ma na tsane ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafin rabawa. A lekol shi ne ya gagare ni, kullum allona da jan gicciye. Sai ga Inna ta fara koya wa 'yar Tsauni shi, yarinyar da ƙirga ashirin ma sai ta yi tuntuɓe. Ta auno dawa da tiya ta zuba a tabarma, ta jera ƙorai, ta ce in an raba wannan ga gida uku kowa nawa zai samu, me zai rage. Sannan ta rubuta shi a toka, da babbar murya, a hankali, ta maimaita, ta sake maimaitawa, yarinyar tana zaune a cinyarta tana zare ido, wata rana har da hawaye. Ni ina kan turmi ina cizon yatsa. Ni ce mai bukata, amma ƙazamar nan ake ɗura wa. Don haushi na riƙa kasa kunne, ina zana amsar a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, don in tabbatar wa kaina na fi ta.

Da aka samo zana daga wajen garin Ɗan Barto aka sake kafa mana aji, ba a jima ba aka yi jarrabawa. Na zo ta ɗaya, rabawa kuwa ban faɗi ko guda ba. Na yi gudu har gida ba takalmi, na tarar da Inna tana daka da wata maƙwabciya. Na faɗa da ƙarfi, ina haki. Maƙwabciyar ta rangaɗa guɗa. Inna ba ta ko sassauta tabarya ba, ta ce wa 'yar Tsauni ta ce wa waccan akwai wanke-wanke.

Ruwa ya dawo, baba ya dawo, 'yar Tsauni ta koma garinsu ba ta ko gama aji biyu ba. Ni na ci gaba har na zama malamar lekol, aikin da na tsufa a cikinsa. Muna zumunci da ita, amma a ƙasan raina ban taɓa sakin jiki da ita ba. Sai a sunan jikarta, muna zaune mu biyu muna gyaran shinkafa, na ce mata cikin wasan da ba wasa ba, ita ce ta ƙwace mini uwa. Ta ajiye faifai ta dube ni.

"Yaya, ni fa wuya na sha saboda ke. Kina tafiya rijiya Inna ke aikena in ɗauko tsohon allonki da takardunki na lekol a ɗakin kaka. Duk inda ta ga jan gicciye, shi za a dafa mini gobe. In na motsa ta mintsine ni. Har yau ban iya rabawar nan ba."

Muka yi dariya har da hawaye, amma nawa hawayen sun fi nata daɗewa. Ashe hannunka mai sanda aka yi ta yi mini, ni kuwa ina kan turmi ina fushi.

Yanzu zamani ya juya. Ɗiyata ta fari tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, ta rungume shi a gaban surukai, su kifa kai a waya ɗaya suna aikin da aka ba shi a lekol. Iyayen ɗalibaina har aji suke biyo ni su tambayi abin da za su koya wa yara a gida, in ce musu su duba madafa, komai na nan. Ina jin daɗin ganinsu, wani lokaci kuma in ji kishin yaran nan ma, ni da furfurata.

Za ka ce tun da na gane, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ilimin nawa ne, na yarda, amma cinyar da hannun, 'yar Tsauni ce ta same su, kuma ba a rabon wannan da tiya.

Inna tana nan da ranta a gidanmu na Matameye, idanunta sun tafi. Kullum da hantsi sai an fito da ita tsakar gida ta sha iska. In jikoki ne, ta ba su hannu. In 'yar Tsauni ce ta zo gaisuwa, ta ba ta hannu, har da tambayar ko ta ci abinci. In ni ce, da ta ji muryata sai ta lalubo bakin mayafina ta riƙe, in yi gaba tana bina. Sai dai in mun iso tabarma na zaunar da ita, ba ta saki. Sai na durƙusa na ɓamɓare yatsunta daga mayafin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na yin sauri.