Alhaji Idi Tela da Manhajar da ke Tambaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi Hamadu mai butik ya shigo shagona a unguwar Maourey, nan Yamai, inda nake buga wa mutane takardu a ordinata, wato kwamfuta. Bazabarme ne, maƙwabcin shagon ɗinkin Alhaji Idi, kuma bai taɓa zama in ya shigo ba. Ranar ya ja kujera, ya nemi ruwa, ya sha, ya tambaye ni iyali. Tun daga nan na daina bugawa. Ya ce, "Haruna, sai haƙuri. Alhaji ya faɗi a kan keken ɗinki. Kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa." Na ce to. Na adana takardar da nake bugawa, na rufe ta. Har yanzu ban san abin da ya sa na fara da wannan ba.

Alhaji Idi tela ne, amma ba da ɗinki mutanenmu na Arewa mazauna Yamai suka fi saninsa ba. Shi ne mai sanar da rasuwa. Duk wanda ya mutu a cikinmu, direba ne ko ɗan tebur, Alhaji ake fara gaya wa, shi kuma ya san wa za a kira da kuma wanda ba za a kira ba. Uwa, ko mata, ko tsoho mai ciwo, ba ya yarda su ji ta salula. Sai ya nemi wani na kusa da su ya taka ya je, ya zauna, sannan ya faɗa. Yakan ce, "Mutuwa da ƙafa ake kai ta. Salula ta san lamba, ba ta san mai hawan jini ba." Ban taɓa jin ya karɓi ko kuɗin kira daga gidan makoki ba.

Shekarar da damina ta gaza ne aikin ya fi ƙarfin kansa. Ƙauyuka suka fara watsewa, wanda ka sani a gari kaza jiya yau yana Yamai yana tura baro, gobe ya ƙetare iyaka, kowa da sabon pus, wato sabon layin salula. Ɗansa da ke Kwatanu ya aiko masa salula mai faɗin fuska, sai ya zo shagona da ita a cikin ƙyallen shadda. Ya ce, "Sakatare, ina son sunaye da lambobin da na rubuta a nan su kasance a wajenka, abin da ka gyara a wajenka ya dawo nan. In ɗaya ta mutu, ɗaya ta yi magana." Sakatare yake kirana saboda na yi kwaleji, ko da yake ban gama da sakamakon kirki ba.

Na ɗauki abin da muhimmanci fiye da kima, kamar yadda na saba. Na yi ta tambayar samarin da ke gyaran salula a bakin kasuwa, na gwada manhaja iri-iri, kowace na rubuta amfaninta da aibinta a littafin da nake rubuta al'amuran yini. Wata ba ta aiki sai da intanet. Alhaji ya ce kuran ma, wato wutar lantarki, zuwa yake kamar baƙon da bai yi sallama ba, balle intanet. Wadda ta burge ni ita ce mai sauri. Da ka haɗa salula da ordinata ta waya, kafin ka ɗaga kai ta gama, abin da ke ordinata ya hau kan na salula ba tare da wata magana ba. Amma ranar gwaji ta tarar da Abdu Direba har uku, ta mai da su mutum ɗaya. Alhaji ya daɗe yana kallon fuskar ordinata. Ya ce, "Ɗaya na unguwar Gaweye, ɗaya na unguwar Dar es Salam, ɗaya ya rasu bara. Wannan abin naka zai sa mu yi wa mai rai gaisuwar kansa."

Ta ƙarshen ba ta da kyan gani, ga nawa. Sai an haɗa da waya, kuma duk inda ta ga abin da ke salula ya bambanta da na ordinata sai ta tsaya ta tambaya da Faransanci: wanne za a bari? Na ce masa wannan za ta cinye mana yini. Ya ce, "Wanda ke tambaya kafin ya taɓa kayan mutane, shi ke da tarbiyya. Ita za mu ɗauka." Tana kuma da fili a ƙarƙashin kowane suna, a nan yake sa ni in rubuta wanda za a aika. Daren nan na rubuta a littafina cewa ina ganin mun yi kuskure. Washegari na rubuta cewa wataƙila ni ne ban fahimta ba.

Ba kowa ya so abin ba. Lokacin sojoji ne, mutane suna tauna magana kafin su furta. Alhaji Garba mai hatsi ya same mu a shago ya ce, "Alhaji, a wannan zamanin za ka tara sunayen mutane cikin na'ura? In aka zo aka ce taro kuke shiryawa fa?" Alhaji bai ɗaga kai daga maɓallin da yake ɗinkawa ba. Ya ce, "Garba, ai taro ne. Kowa zai halarta, har su. Kai ma na sa ka, na rubuta a aika mutum biyu wajen Hajiyarka, don ɗaya ba zai iya riƙe ta in ta fara murna ba." Garba ya zage shi, suka yi dariya, ya ba da sabuwar lambarsa.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo mu haɗa. Yana zaune yana shan shayi, manhajar tana tambaya, ni ina karanta masa, yana cewa na salula ko na ordinata. In mutum ya rasu ba ya yarda a goge shi. Akwai rukuni da ya sa na buɗe, ya raɗa masa suna Waɗanda Suka Riga Mu, can ake mai da su. "Ba a share mutum," in ji shi.

Da Hamadu ya fita, na gane cewa babu wanda za a gaya wa ya san wanda za a kira. Ni ne kawai. Alhaji yana da 'yar'uwa guda da ta rage, Yaya Ramatu, a wani ƙauye bayan Dogondutsi. Ita ta goye shi. Tana da ciwon zuciya, kuma akwai salula a gidan, a hannun jikarta. Na buɗe sunanta a ordinata, na ga an rubuta a kira Malam Sule ya je. Na kira, lambar ba ta shiga. Na sake kira, haka.

Na tafi gidan Alhaji. An cika, maƙwabta Zabarmawa suna shigowa suna cewa fonda tilas, gaisuwar ta'aziyyarsu, kowane saurayi da salula a kunne. Ɗan ƙanensa, Sani, ya tare ni ya ce, "Kawu Haruna, bayan azahar za a kai shi. In ba a samu kowa ba ni zan kira Gwaggo kawai, kafin ta ji a rediyo." Na ce ya ba ni lokaci kaɗan. Ban san ko ina da ikon faɗin haka ba. Na aika ciki wajen Hajiya Zalika, matarsa, aka fito mini da salularsa. Da ita ya faɗi, fuskar ta tsage, ba ta nuna komai.

Na koma shago. Ranar an bar mana kuran. Na haɗa waya, manhajar ta fara tafiyarta ta nawa, ina zaune ina kallon hannuwana. Ta tambaye ni a kan wani direba, ta tambaye ni a kan wata mai abinci. Sai ta zo kan Yaya Ramatu ta tsaya: wanne za a bari? A ɓangaren salula akwai abin da ya rubuta da kansa a cikin makon, da irin rubutunsa marar wasali: Malam Sule ya tafi ci-rani. A kira Inna Kande mai ƙosai, ta je da mata biyu. A bari ta ci abinci tukuna. Ga lamba a ƙasa. Da wadda na so muka ɗauka, da tsohon rubutuna ya hau kan nasa tun kafin in gani. Na danna na salula.

Inna Kande ta ɗauka, na gaya mata, na karanta mata yadda ya rubuta. Ta yi salati, ta ce bari ta sauke kasko. Muna dawowa daga maƙabarta ta kira ni. Ta ce, "Ɗana, mun je. Mun jira ta gama shan fura. Da ta ga mun zauna mu uku ba mu ce komai ba, sai ta ajiye ludayi ta ce, Idi ne ko? Ba ta faɗi ba. A zaune take, muna riƙe da ita."

Ranar Juma'a na buɗe shago bayan masallaci kamar kullum. Na dafa shayi, na zuba kofi ɗaya. Na mai da sunansa cikin Waɗanda Suka Riga Mu, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Ban yi kuka ba har yau, kuma ban san ko hakan laifi ne ba. Sani ya ce zai riƙa zuwa da tasa salular mu ci gaba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Idi, Ya yafe masa kura-kuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tausaya wa mutane wajen kai musu labari mai nauyi, Allah Ya sa mala'iku su tarbe shi da tausayi. Allah Ya ba Hajiya Zalika da 'ya'yansa haƙurin rashi, Ya ƙarfafa zuciyar Yaya Ramatu, Ya saukar mana da ruwa mai albarka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa a samu mai takawa ya kai wa namu. Amin.