Mangwaron Mma Lariba a Filin Jirgi

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai masu Umara filin jirgin Kumasi ba, ko da yake ba zan ce na riƙe kowace kalma daidai ba. Ku sababbin ma'aikata kun sha tambayata abin da ya sa ba na yarda a raba wa matafiya komai a wurin bita sai na karanta jawabin da za a yi. To ga dalilin, gwargwadon abin da na sani.

Lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Ilimin muhalli na karanta a jami'a, na yi ta yawo da takardu har Alhaji Bawa ya ɗauke ni a kamfaninsa na tafiye-tafiye a nan Zango, unguwar Hausawan Kumasi. Alhaji shi ne manaja. A ƙarƙashinsa akwai mai yankan tikiti da mai bin biza, sai jagoran tafiya wanda yake raka mutane har Makka ya dawo da su. Ni kuwa ƙirƙiro mini muƙami aka yi, aka ce ni ne jami'in muhalli. Dalili shi ne kamfanin jirgin da muke sayen kujeru a wurinsa ya sanar da wakilansa cewa zai riƙa fifita waɗanda suka nuna suna ƙoƙarin rage ɓarnar da hayaƙin jirgi yake yi. Alhaji bai damu da hayaƙi ba, a iya fahimtata, amma ya damu da kujeru ƙwarai.

Shawarar da na kawo ita ce kowane matafiyi ya dasa itace. Alhaji ya ji daɗinta saboda ana iya ɗaukarta hoto. Muka sayo dashen mangwaro a bakin titin Sofoline, kowanne a cikin baƙar leda da ƙasarsa, muka jera su a ƙofar zauren bita.

Bita ita ce taron da ake koya wa matafiya ɗaura harami da ɗawafi da abin da aka hana ɗauka a jaka. A watan Sha'aban aka yi ta. Da malamin da ke koyar da bitar ya gama, aka ba ni lasifika. Na ce jirgi yana fitar da wata iska wadda masana da yawa suke ganin tana ƙara zafin duniya. Na ce itace, in ya rayu, in kuma ya girma, zai iya shan wani ɓangare nata a cikin shekaru, amma kada kowa ya ɗauka cewa dashe ɗaya ya isa. Ina shirin bayanin abin da nake nufi da "wani ɓangare" sai Alhaji ya karɓe lasifikar.

"Karachi, zauna, ka sa mutane gyangyaɗi," in ji shi. Haka ake kiran ɗan boko mai aikin ofis a nan. "Jama'a, jirgi yana hayaƙi a kan bayin Allah. Itace yana shan hayaƙi. Kowa da hayaƙinsa, kowa da itacensa. A tashi a ɗauka."

Malamin ya ƙara da cewa cutar da mutane haƙƙi ne, dashen itace kuma sadaka ce mai gudana. Aka yi kabbara, kowa ya ɗauki ledarsa ya tafi. Ba wanda ya faɗi a fili cewa a gida za a dasa. Na ɗauka abin ba ya bukatar faɗa.

Ranar tafiya ta zo. Tsarinmu shi ne a tashi daga Kumasi zuwa Accra, daga can a shiga babban jirgi. Wanda ya rasa na Kumasi ya rasa duka, don kujerun rukuni ba a ɗaga su. Kun san rakiyar Zango: mutum ɗaya zai yi tafiya, unguwa guda ta taso. Motocin haya da ake kira trotro sun cika bakin filin, wasu suna tirin hayaƙi baƙi ƙirin, na ɗauke kaina don kada in fara lissafin da zai hana ni barci. Sai na lura da layin matafiyanmu. Kusan rabinsu suna rungume da baƙar leda, ganyen mangwaro yana leƙowa ta ƙarƙashin mayafi.

A gaban layin Mma Lariba take, dattijuwar da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kusa da ofishinmu, wadda ta yi shekaru tana shirin wannan tafiya. Daga baya na ji ita ce ta bi gida-gida tana ankarar da sauran.

Na gaishe ta, na ce, "Mma, wannan fa?"

Ta ce, "Itacena. Kusa da taga zan ajiye shi."

"Ai a gida ake dasawa, Mma."

"Hayaƙin a gida yake? Jirgi yana can sama yana abinsa, itace yana bayan ɗakina kusa da kaji, ta ina za su haɗu? Kai da ka yi boko."

Jami'ar da ke duba kaya ta zo ta yi mata bayani da Tonanci, yaren mutanen Kumasi, cikin ladabi, cewa ba a ƙetare iyaka da shuka mai rai da ƙasarta, ko an bar ta a nan ba za a bar ta a Accra ba. Sauran matafiyan da suka ji maganar rasa jirgi suka miƙa wa 'yan rakiyarsu ledojin, suka wuce. Mma Lariba ta zauna a kan akwatinta, ta ɗora dashen a cinya.

"Ni ba zan tsaya gaban Ɗakin Allah da haƙƙin mutane a wuyana ba," ta ce. "Malam ya faɗa kun ji. In ba a tafiya da shi, ku tafi, Allah ya kai ku lafiya."

Jagoran tafiya ya roƙe ta. 'Ya'yanta suka roƙe ta, babbar har da kuka. Aka fara kiran fasinjoji a lasifika. Alhaji ya zo yana share gumi da hula, ya ce, "Mma, na rantse miki, daga gida ma yana sha. Itace yana da dogon hanci."

Ta ce, "Alhaji, kai ka rantse mini bara cewa bizata za ta fito kafin azumi. Bar rantsuwarka ta huta. Karachi nake so. Tun da na san yaron nan, ko na tambaye shi yaji ya ji a miya sai ya ce ya danganta. In shi ya rantse, na yarda." Ta juyo gare ni. "Ka rantse itacen nan zai sha hayaƙina in na bar shi."

Duk suka zuba mini ido. Ina so ku gane matsayina. In na rantse, na yi ƙarya a kan abin da na karanta, ga mace mai niyyar ibada. In ban rantse ba, dattijuwa ta rasa Umararta a kan mangwaron da ni na kawo shawararsa.

Na ce, "Mma, ba zan iya cewa hayaƙinki na kanki zai sha ba."

Alhaji ya ce, "Innalillahi." Ya taka mini ƙafa, kuma ba na jin kuskure ne.

"Kun ji ko?" in ji Mma Lariba, ta gyara zama.

Ban san inda maganar ta fito mini ba, wataƙila tsoro ne. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mma, in kin hura wutar waakye da asuba, hayaƙin a gidanki yake tsayawa?"

"Ina fa! Har matar telan bayanmu tana cewa na ɓata mata shanya."

"To haka na jirgi yake, sai dai ya fi nisa. Iskar duniya duk a haɗe take. Naki zai iya faɗawa kan itacen wani a wata ƙasa, itacenki kuma ya sha na wani wanda ba ki sani ba. Ban ce zai yi daidai wa daida ba, amma dai haka abin yake tafiya."

Ta kalli ganyen. Aka sake kira a lasifika.

"Ashe susu ne," ta ce, wato adashi. "Kowa ya zuba, kowa ya ɗauka."

"Kusan haka, Mma."

"To wa ke riƙe da shi?"

Na ce gaskiya ba wani mutum ɗaya da za a ce shi ne mai riƙo, ƙasashe dai suna ta taro a kai. Alhaji ya rufe ido.

"Ni ba na shiga susun da ba mai riƙo," ta ce. "An taɓa cinye ni." Ta miƙe, ta danƙa mini ledar a ƙirji har ƙasa ta zubo mini a riga. "Kai ne mai riƙo. Wancan ka ce ba ka iya rantsewa. Rantse za ka ba shi ruwa."

Na ce, "Na rantse zan ba shi ruwa, in ina raye, in kuma famfo ya kawo."

"Cire famfon."

Na cire famfon. Ta ce Alhamdulillahi, ta ja akwatinta da kanta, ta wuce jami'ar tana yi mata godiya. Ita ce ta ƙarshe da ta shiga jirgin.

Ban gama sauke numfashi ba sai na ga 'yan rakiya sun yi layi a gabana. Sun ji an naɗa mai riƙo, kuma ba wanda yake so itacen mahaifinsa ya zama a wajen susu. Alhaji ya ɗauke ni hoto a tsakiyar ledojin, ya shiga motarsa ya tafi. Ni na yi ta jigilarsu da pragya, keken nan mai ƙafa uku, zuwa ɗakin da nake haya a Ashanti New Town. Mai gidan ta tambaye ni ko na bar aikin ofis ne. Na ce ban tabbata ba.

Famfo kuwa ya ɗauke a makon. Na riƙa ɗebo ruwa a rijiyar masallaci kafin in tafi aiki. Mma Lariba takan kira ni ta bidiyo daga Makka, ta nuna mini Harami a bayanta, ni kuma in nuna mata mangwaro. Wata rana na nuna mata na wani bisa kuskure, ta gane nan take. Wasu dashen sun mutu, wasu akuya ta yi musu aski. Waɗanda suka tsira mun dasa su a harabar wata makarantar Islamiyya a Atonsu, bakin titi. Ko hoton Alhaji ya taimaka mana wajen samun kujeru, ban sani ba, bai taɓa gaya mini ba.

Da ta dawo, kafin ta gama karɓar masu barka da zuwa ta sa na kai ta Atonsu. Ta shafa ganye ɗaya, yatsanta ya yi baƙi.

"Ka gani? Ya sha."

Na ce mata wannan, a zatona, tirin motocin titi ne.

"To ai na wani ne ya sha. Kai ka faɗa."

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, mu kujera muke sayarwa, amma mutanen da suke zama a kanta suna ɗaukar maganarmu da nauyin da mu kanmu ba mu ba ta ba. Ka ce musu akwai haƙƙi, za su nemi inda za su sauke shi, ko da jirgi zai tafi ya bar su. Saboda haka kada ku faɗa wa matafiyi abin da ba za ku iya rantsewa a kai ba, kuma in kun rantse, ku fara bincika ko akwai rijiya kusa da gidanku.