Tokar Hosea a Layin Tsakiya

Ƙanena Hosea Gaither bai taɓa buga ƙwallo ba, irin tamu da ake runguma a ruga da ita. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta tun haihuwa. Da ya je gwaji a sakandare, koci ya dube shi sau ɗaya ya ce ya je ya ɗebo wa 'yan wasa ruwa. Gyaran firiji ne ya ciyar da shi, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai riƙe sarƙa ne.

Sarƙar awo ke nan, mai yadi goma, da sanda a kowane baki. Mutum biyu ke riƙe ta a gefen fili, suna bin ƙwallo duk inda aka ka da mai ɗauke da ita. In aka yi gardama ko 'yan wasa sun ci yadi goman da dole su matsa gaba don ƙwallo ta zauna a hannunsu, sai alƙalin wasa ya kira su su shigo da gudu a auna. Ladansu hula ce da farantin abinci. Haka Hosea ya yi ta ɗingisawa cikin filin kwalejin garinmu duk Asabar ta lokacin wasa, har kansa ya yi fari.

A da ƙungiyar kwalejojin yankinmu ba ta da wasan ƙarshe. Wanda ya fi cin wasanni shi ne zakara, in biyu suka yi kunnen doki sai a shekara ana zage-zage a shagon aski. Da kwalejojin suka yi yawa aka raba su gabas da yamma, aka ce gwanin gabas ya kara da na yamma a farkon Disamba. Na farkon a filinmu aka yi shi, cikin ruwan sama, kuma Hosea ne ya riƙe sarƙa. Ni ina wajen ajiye motoci ina soya tarwaɗa, kamar yadda kowane gida yake yi kafin wasa. Mu muka ci. Ɗalibai suka tsallaka katanga suka cika filin, suka tumɓuke ƙarafan gola suka kai su kogi. Hosea ya dawo da laka har wuya, ya hana matarsa wanke wandon.

Bayan wasu shekaru masu talabijin suka ce filinmu ya yi ƙanƙanta. Aka mai da wasan babban birni, a wani fili mai rufi da ruwa ba ya taɓawa, kuma can suna da nasu masu sarƙar. Hosea yana zuwa kallo ko mun kai ko ba mu kai ba. Daga baya aka rushe tsohon filin aka yi kantuna, kwaleji ta gina sabo a bayan gari, ta kuma ce masa ya huta, ƙafar ta daina gudu.

Ciwon suga ne ya tafi da shi. Matarsa ta riga shi. A asibiti ya kira ni da 'yarsa Darnetta, ya ce a ƙona shi, a zuba tokarsa a layin tsakiya ranar wasan ƙarshe, ba wasan Asabar-Asabar ba. Na ce masa da mahaifiyarmu za ta ji wannan magana da ta tashi daga kabari ta mare shi.

"Yaya Ozella, ke dai da bakinki," in ji shi. "Mama ba ta taɓa zuwa wasa ba, ba ta da ƙuri'a."

Bayan an ƙona shi Darnetta ta buga wa ofishin filin babban birni waya, suka ce ba a yarda ba. Hanya ɗaya ta rage, kowa ya san ta: bayan usur na ƙarshe, lokacin da magoya bayan masu nasara suke kwarara cikin fili, masu gadi su ja gefe. Sai muka zauna jiran kwalejinmu ta kai, ta kuma ci. Na ajiye shi a kan firiji cikin tukunyar tokarsa. Wata shekara mu faɗi tun farko, wata mu kusa. Ana nan sai kwalejinmu ta fice daga ƙungiyar gaba ɗaya, ta koma wata babba inda kuɗin talabijin ya fi tsoka. Ba za mu sake buga wannan wasan ba har abada.

Shekarar da ta biyo Darnetta ta shigo ɗakin girkina da tikiti biyu da riguna biyu jajaye. Ja launin kwalejin ƙetaren kogi ne, waɗanda Hosea ya yi rayuwarsa yana tsine wa. Yakan ce in firijinsu ya lalace gara namansu ya ruɓe. Su suka kai wasan, su ake sa ran za su ci.

"Gwaggo, ko ja, ko ya ci gaba da zama a kan firiji," ta ce.

Na sa rigar.

Ana binciken jaka a ƙofa, don haka muka juye shi a leda na ɗaure a cikina, yadda maza suke shiga da barasa. Yarinyar da ke lalube ta taɓa wurin ta ce, "Kaka, wannan fa?" Na ce mata tsufa ne. Ta bar ni na wuce.

Ban kalli wasan sosai ba. Masu sarƙar na yi ta kallo, samari masu miƙaƙƙun ƙafafu. Wani mai ƙiba kusa da ni ya tambaye ni tun yaushe nake bin jajaye, na ce tun da safe. Ya yi dariya ya miƙo mini gyaɗa. Jajaye suka ci. Mutane suka gangara, muka bi su. Wasu ɗalibai biyu suka sauke ni ta kan katanga kamar buhun shinkafa.

Muka kutsa har layin tsakiya. Guntayen takardu ja da fari suna ta zubowa daga rufi. Darnetta ta durƙusa ta yaga ledar ta zuba.

Na san ciyawar roba ce, kowa ya sani. Shekaru muna ganinta shar a talabijin. Amma ni da Darnetta, har shi Hosea da ya yi wasiyyar, babu wanda ya tsaya ya tuna cewa babu ƙasa a ƙarƙashinta. Shi laka ya sani. Tokar ta zauna a sama, fari-fari. Darnetta ta sa tafin hannu tana murzawa, sai baƙaƙen ƙwayoyin roba suke tasowa. Wani ya taka ya wuce yana waƙa.

Muka koma kujera muka zauna har mutane suka watse. Ma'aikata suka fito da injinan da ke zuƙe takardu, suka fara daga bakin fili ɗaya suna tahowa layi-layi. Darnetta ta ce ko ta sauka ta tsai da su. Na ce ta ce musu me. Injin ya hau layin tsakiya ya wuce, direban yana gyaɗa kai da abin jin kiɗa a kunne. Wurin ya koma shar.

A hanya muka tsaya muka ci kifi. Man ya tsufa.

"Ya dai shiga fili," in ji Darnetta.

"Ya shiga," na ce.

Da na dawo gida na tarar da zoben ƙura a kan firiji, inda tukunyar ta zauna. Da jar rigar na goge.