Ihun Shevanta Kamble

Shekara talatin da huɗu Shevanta Kamble ta yi tana cin abinci da maƙogwaronta a Bombay. Ba waƙa take yi ba, ihu take. Duk jarumar da fatalwa ta biyo a fim ɗin ban tsoro, nata aikin buɗe baki ne kawai. Shevanta ce ke shiga ɗakin ɗaukar murya ta zuba ihun. Jarumai suka kwashe lambobin yabo, ita ta samu shayi mai citta don kada muryar ta dushe. Ko sau ɗaya sunanta bai taɓa fitowa a majigi ba, alhali har na mai riƙe wa darakta laima an rubuta. Abin yana ci mata rai, kuma ba ta ɓoyewa.

Tana da shekara sittin da takwas, ta koma suyar vada, wato ƙosan dankali, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dadar, sai ga wani darakta, Ojas Wadekar, da gemu da tabarau. Wai zai sake yin wani tsohon fim na fatalwar rijiya, wanda ita ta yi ihun cikinsa.

"Mawshi, tsohon shirme ne," in ji shi, yana cin vadarta, yana kiranta Mawshi, wato inna. "Fatalwa da garin alkama a fuska? Tawa ba ta ma fitowa. Alama ce ta kaɗaicin ɗan Adam a birni."

"To wa za ta tsorata, ɗana, in ba ta fito ba?"

"Zuciya. Ihu ne dai matsalarmu. Na jarumarmu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ki yarda mu ɗauko naki daga tsohon faifai."

"Ga ni da raina, in yi maka sabo mana."

"Sabo ba shi da tarihi, Mawshi."

Sharaɗi ɗaya ta kafa: sunanta a majigi, da manyan baƙaƙe. Ya rantse da mahaifiyarsa, ya tura wa ofis saƙo yana tafiya.

Ranar da fim ya fito ta kife kasko, ta ɗaura sarinta na zuwa biki, ta ja maƙwabciyarta Kusum zuwa kallon rana. Fasaha kam an zuba ta. Awa biyu famfo yana ɗiga, jaruma tana kallon bango. Mutumin da ke gabansu ya yi barci har da minshari.

"Tai, ko fatalwar ta rasa jirgi ne?" in ji Kusum, da ke kiranta Tai, wato yaya.

Sai ihun ya zo. Zauren gaba ɗaya ya zabura, mai barcin ya watsa wa na kusa da shi gugguru. Daɗi ya kama Shevanta har ta kasa zama sosai.

Jama'a suka fara fita, ita ta riƙe hannun Kusum tana jiran sunaye. Majigi ya yi baƙi, manyan baƙaƙe suka fito su kaɗai: "Don tunawa da marigayiya Shevanta Kamble." A ofis sun ga murya daga tsohon faifai, ba wanda ya kawo cewa mai ita tana numfashi.

"Tai," in ji Kusum a hankali, "sun kashe ki."

"Na gani." Hawaye na bin kumatunta, amma ba ta ɗauke ido daga majigin ba. "Duba dai, ko harafi ɗaya ba su kuskure ba."